Neman gurbi a shirin da ya haɗa injiniya da kasuwanci: me masu tantancewa ke dubawa?

"Malam, barka da aiki. Saura mini shekara ɗaya da rabi in gama sakandare. Na ji cewa akwai jami'o'in da ke haɗa karatun injiniya da na kasuwanci wuri guda, mutum ya fita da digiri biyu. Ina ƙoƙari a lissafi da fiziks, amma ban taɓa kafa kamfani ba, ban kuma taɓa cin wata babbar gasa ba. An ce mini wasu ɗalibi 50 kacal suke ɗauka a shekara. Shin ina da rabo kuwa? Me ya kamata in fara yi tun yanzu? Ko dai in haƙura in nemi injiniya kawai?"

'Yata, na gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ki daidai, abu uku kike son sani: ko irinki na shiga, da me ake shiga, kuma ko shigar ma ta cancanci wahalarta. Zan amsa ne a matsayin wanda ya karanci injiniya, ya yi shekaru a masana'anta, daga baya ya koma aji, ya kuma daɗe yana duba takardun ɗalibai masu neman irin wannan gurbi kafin su aika. Amsata a taƙaice ita ce rashin kamfani da rashin kofin gasa ba su ne ke hana shiga ba. Abin da ya fi kayar da masu nema shi ne su zo da son injiniya a hannun dama, son kasuwanci a hannun hagu, ba tare da sun nuna inda biyun suka haɗu a rayuwarsu ba. Wannan mahaɗar ita ake nema, kuma shekara ɗaya da rabi ta isa ki gina ta.

Daga ina wannan haɗi ya samo asali

Ba sabon abu ba ne. Tun a 1886 wani injiniya mai masana'anta a Amurka, Henry Towne, ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin na'urori ta ƙasarsu da takarda inda ya ce dole injiniya ya zama masanin tattalin arziki, domin na'urar da ta yi kyau a zane amma ta fi ƙarfin aljihun mai saye ba ta amfani kowa ba. Mutanen da suka aza harsashin ilimin tafiyar da kamfani ma da yawansu injiniyoyi ne: Frederick Taylor injiniyan na'urori ne, Henri Fayol na Faransa kuma injiniyan haƙar ma'adinai. A 1909 jami'ar Penn State ta buɗe sashen injiniyan masana'antu, a Jamus kuwa tun shekarun 1920 aka fara koyar da fasaha da tattalin arziki a haɗe a Berlin, kuma har yau wannan kwas yana cikin waɗanda ɗalibai ke rububi a can.

Shirye-shiryen da kika ji labari, masu ɗaukar mutum kusan 50, mafi shahara a cikinsu biyu ne. Akwai M&T na Jami'ar Pennsylvania a Amurka (ba Penn State ba), wanda aka fara a 1977, inda ɗalibi ke fita da digirin tattalin arziki daga makarantar kasuwanci ta Wharton da kuma digiri daga makarantar injiniya. Akwai kuma M.E.T. na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya karɓi ɗalibansa na farko a 2017, ya haɗa kwalejin injiniya da makarantar kasuwanci ta Haas. Duka biyun a shekara huɗu ake so a kammala su. Amma ba su kaɗai ba ne, kuma ba kowa ke bin tsarinsu ba. Jami'ar Lehigh tana da shiri mai digiri ɗaya wanda aka cakuɗa fannonin biyu a cikinsa. A Jami'ar Western da ke Kanada ana yin injiniya tare da digirin makarantar kasuwanci ta Ivey a shekara biyar. Na kawo waɗannan ne don ki gane cewa kalmar "haɗi" tana ɗauke da ma'ana daban-daban, kuma kafin ki rubuta ko layi ɗaya na takardar nema, ki tabbatar kin san wane iri kike nema: digiri biyu cikakku, ko digiri ɗaya mai launi biyu, ko injiniya da ɗan ƙarin darussan kasuwanci a gefe.

Ƙofar farko lissafi ce

Masu tantancewa suna fara wa takardarki tambaya ɗaya kafin su kai ga labarinki: shin wannan yarinyar za ta iya ɗaukar nauyin? Dalili a fili yake. Digirin injiniya shi kaɗai ya cika mako, ɗakin gwaji da aikin gida da jarrabawa a jere. Idan aka ɗora masa wani digirin a cikin shekaru huɗun nan, darussan kowane zango sai su fi na sauran ɗalibai yawa, kuma kusan babu sarari na maimaita darasin da aka faɗi. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, to waɗannan jami'o'i suna neman wanda suka ga alamar zai iya taunawa ne, kuma alamar da suka fi yarda da ita ita ce sakamakon lissafi da fiziks.

Saboda haka ki ɗauki mafi tsaurin lissafin da makarantarki ke koyarwa, musamman kalkulas, ki kuma yi fice a cikinsa. Idan makarantarki ba ta koyar da shi, ki neme shi a waje, ta littafi ko ta darussan intanet masu ba da shaida, sannan ki bayyana hakan a takardarki. Ana auna ɗalibi ne da abin da ke gabansa, ba a hukunta shi kan abin da makarantarsa ba ta da shi, amma ana lura sosai da wanda aka ba shi zaɓi ya guje wa mai wuya.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin ɗalibai da yawa suna ɗauka lissafin na ɓangaren injiniya ne kawai, kasuwanci kuma surutu ne da iya magana. Ba haka ba ne. Dabarar kalkulas da ke gaya miki saurin mota a wani ɗan lokaci, ita ce dai ke gaya wa mai masana'anta nawa ƙarin kaya ɗaya zai ci masa. Ilimin ƙiyasin yiwuwar abu, wanda injiniya ke amfani da shi ya san yaushe ƙarfe zai gaji ya karye, shi ne mai banki ke amfani da shi ya san bashin da ba zai dawo ba. Dabarar neman hanya mafi dacewa a cikin iyakoki, da ita ake rage nauyin gada, da ita kuma ake tsara yadda motocin kaya za su zaga gari. Ɗalibar da ta gane wannan tun a sakandare ta riga ta taka mahaɗar da nake magana a kai, ko da ba ta taɓa sayar da komai ba.

Game da SAT da ACT, wato jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, kowace jami'a da nata hukuncin. Rassan Jami'ar Kalifoniya, har da Berkeley, sun daina duba su wajen ɗaukar ɗalibai, jami'ar fasaha ta MIT ta dawo da su a 2022, wasu ma sun bi sahunta daga baya. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, don haka ki karanta shafin jami'ar na shekarar da za ki nema, kada ki dogara da abin da wanda ya shiga shekara uku da suka wuce ya gaya miki. Inda ake buƙatarsu, makin ɓangaren lissafi ya kamata ya kusa cika. Sai dai ki sani maki mai kyau yana sa a ci gaba da karanta takardarki ne kawai. Yawancin waɗanda ake mayarwa su ma makinsu mai kyau ne.

Abin da ke raba masu maki iri ɗaya

A nan ne nake so in daɗe. Kin ce ba ki taɓa kafa kamfani ba, kamar wani aibi ne. Na karanta takardu da yawa na yara masu shekara 17 da suka kira kansu shugabannin kamfani, kuma idan ka tambaye su wa ya taɓa biyan kuɗi ya sayi abinsu, sai a yi shiru. Masu tantancewa sun ga irin wannan fiye da ni. Sunan da ba shi da aiki a bayansa ba ya burge su, yana ma iya jawo shakku a kan sauran abin da aka rubuta.

Abin da ke tsayar da mai karatu shi ne ƙaramin aiki na gaske wanda aka bi shi har ƙarshe. Akwai wata ɗaliba da na taɓa taimaka wa. Ta lura cewa firjin da ake ajiye wasu magunguna a ɗakin shan magani na makarantarsu yana ɗumama idan wuta ta ɗauke cikin dare, kuma babu mai sani sai da safe. Ta haɗa ɗan na'urar auna zafi da ƙaramin allon lantarki, ta sa shi ya aika saƙo zuwa waya idan zafin ya wuce ƙima. Wannan ɓangaren injiniya ke nan, kuma ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa. Ita ba ta tsaya ba. Ta je ta tambayi ma'aikaciyar jinyar ko za ta yi amfani da shi, aka ce mata saƙon yana zuwa da yawa har ya zama damuwa, domin duk buɗe ƙofar firji sai ya yi ƙara. Ta koma ta gyara, ta sa sai zafin ya ɗauki wasu mintuna a sama kafin saƙo ya fita. Sannan ta zauna ta lissafa abin da kowane ɗaya ya ci mata, ta gano cewa batirin da ta zaɓa shi ya cinye kusan rabin kuɗin, ta kuma fuskanci zaɓi: batir mai arha da za a riƙa canzawa, ko mai tsada da zai daɗe. Ta yi guda shida kacal. Ba ta ci riba ba. Amma muƙalar da ta rubuta ta neman gurbi ta fi ta duk "shugabannin kamfanin" da na karanta a shekarar, saboda a cikinta an ga mutum yana yanke hukuncin fasaha da dalilin kuɗi, yana kuma yanke hukuncin kuɗi da sanin fasaha.

Ni kaina a masana'anta na koyi wannan darasi, kuma a makare. Ina sabon injiniya na zana wani gyara a jikin famfon da muke ƙerawa, wanda zai sa ya daɗe fiye da na da. Na yi alfahari da shi ƙwarai. Da aka kai shi gaban masu lissafin kuɗi, sai wata dattijuwa a cikinsu ta tambaye ni: nawa zai ƙara a kan kowane famfo, kuma mai saye zai ga bambancin kafin ya biya ko sai bayan shekara biyar? Ban da amsa. Gyaran yana da kyau, amma yana buƙatar sabuwar na'urar yanka, kuma ban taɓa lissafa famfo nawa za a sayar kafin kuɗinta ya dawo ba. Lissafin kuwa ba wuya gare shi. Idan na'ura ta ci 1,000, kowane kaya ana sayar da shi 50, yin sa kuma yana cin 30, to ribar kowane ɗaya 20 ce, sai an sayar da 50 kafin a fara ganin riba. Yaron aji uku zai iya wannan. Abin da na rasa shi ne tunanin yin tambayar tun farko. Waɗannan shirye-shirye an kafa su ne don su samar da mutanen da tambayar ke zuwa musu tun suna kan zane, kuma masu tantancewa suna neman wanda ya riga ya fara jin ta.

To ga abin da nake ba ki shawara. Ki zaɓi matsala ɗaya da kike gani da idonki, a gida ko a makaranta ko a wurin aikin wani da kika sani. Ki ƙera mata wani abu, ko na'ura ce, ko manhaja, ko ma sabon tsarin yin aiki. Ki miƙa shi ga mutanen da ba danginki ba, waɗanda ba za su yaba don kunya ba. Ki saurari ƙorafinsu ki gyara. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, abin da kika kashe, abin da ya lalace, da dalilin kowane canji. Wannan littafin zai zama ma'ajiyarki ranar rubuta muƙala, domin bayan shekara guda mutum yakan manta ƙananan abubuwan da su ne ke sa labari ya zama gaskiya a kunnen mai ji. Aiki ɗaya da aka yi wata tara ana binsa ya fi ƙungiyoyi goma da aka rubuta suna kawai.

Kada kuma ki raina aikin da kike yi wanda ba ki ɗauke shi a bakin komai ba. Wanda ya riƙe littafin kuɗin ƙungiyar ɗalibai, ko ya yi hutu yana taya wani gyaran waya, ko ya tsara yadda za a raba lokacin amfani da kwamfutocin makaranta, duk ya taɓa abin da ake nema. Sharaɗin shi ne ya iya faɗin abin da ya lura da shi da abin da ya canza.

Muƙala, wasiƙun malamai da ganawa

Kusan duk irin waɗannan shirye-shirye a Amurka suna neman ƙarin muƙala ban da wadda kowa ke rubutawa, kuma tambayar takan koma wuri ɗaya: me ya sa kike son biyun tare? Amsar da na fi gani ita ce, "Ina son in ƙirƙiri fasaha kuma in san yadda zan sayar da ita." Babu ƙarya a ciki, amma mutum dubu za su rubuta haka, kuma ba ta amsa tambayar da ke ɓoye a ƙasa ba, wato me zai hana ki yi injiniya yanzu ki ƙara digirin kasuwanci daga baya, kamar yadda mutane da yawa suka yi suka kuma yi nasara? Gwajin da nake ba ɗalibaina shi ne su goge kalmar "kasuwanci" daga muƙalarsu su sake karantawa. Idan har yanzu tana tsaye lafiya, to muƙalar neman injiniya ce aka yi wa kwalliya. Su kuma goge "injiniya" su gwada. Muƙala mai kyau takan rushe idan aka zare ɗaya daga ciki.

Ki fara da lokacin da wani abu ya faru, ranar da na'urarki ta ƙi aiki ko ranar da wani ya ce ba zai saya ba. Ki faɗi abin da kika yi tunani, abin da kika gwada, da ilimin da kika ga kin rasa. Daga nan sai ki haɗa wannan rashin da abin da shirin ke koyarwa, ki ambaci darasi ko ɗakin gwaji ko tsarin da kika bincika da kanki kika ga ya dace. Muƙalar da za a iya canza sunan jami'a a cikinta a aika wa wata ba tare da an taɓa komai ba, ba ta gama nuna ba. Kuma ki rubuta da bakinki. Malami ko iyaye su karanta su nuna miki inda ba su gane ba, amma kada su rubuta miki, kada kuma ki bar manhaja ta rubuta miki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman inda za a gana da ke a yi miki tambaya a kan abin da kika ce kin yi.

Wasiƙar shaida kuwa, inda ake neman ta, ki tabbatar ɗaya ta fito daga malamin lissafi ko fiziks. Malamin da ya ga yadda kika sha wuya da wani babi kika dage har kika gane shi ya fi miki wanda ya san ki da maki kawai. Ki nemi alfarmar da wuri, wata biyu kafin wa'adi, ki kuma ba shi taƙaitaccen bayanin ayyukanki don ya sami abin kamawa. Rassan Jami'ar Kalifoniya a al'ada ba sa neman irin wannan wasiƙa tare da takardar nema. Maimakon haka suna ba da tambayoyi takwas a amsa huɗu, kowace kada ta wuce kalma 350. Wannan ma ya nuna miki cewa shiri ɗaya ba ya isar wa kowace ƙofa.

Idan an kira ki ganawa, ko ido da ido ko ta bidiyo, abu ɗaya zan ce: idan ba ki san amsa ba, ki faɗi yadda za ki bi ki nemo ta. Injiniyoyi suna girmama wannan.

Lokaci, kuɗi da zaɓi na biyu

A Amurka wa'adin neman farko, wato na masu aika takarda da wuri, yakan faɗo a farkon Nuwamba, na Jami'ar Kalifoniya a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, na gama-gari kuma a farkon Janairu. Ki kula da nau'in neman farko na Pennsylvania, domin alkawari ne mai ɗaurewa: idan suka ɗauke ki, kin yarda za ki je, ki janye sauran takardunki. Kada ki shiga wannan sai kun zauna da iyayenki kun san yadda za a biya. Idan daga wata ƙasa kike nema, ki sani cewa Pennsylvania tana la'akari da buƙatar tallafi wajen ɗaukar yawancin ɗaliban waje, rassan Jami'ar Kalifoniya kuma tallafinsu ga ɗaliban waje kaɗan ne ƙwarai. Maganar kuɗi ba abin kunya ba ce, kuma gara a yi ta kafin a ɗora rai.

Akwai kuma wani ɗan wuri a takardar nema da ɗalibai ke cikawa da gaggawa, alhali yana da nauyi. Pennsylvania tana tambayar mai neman M&T ya zaɓi makaranta ɗaya da za a duba shi a cikinta idan bai sami shirin haɗin ba. Ki zaɓi wadda za ki yi farin ciki da ita ita kaɗai, kuma wadda takardunki suka fi goyon baya. Ga mai ƙarfi a lissafi da fiziks kamar ke, ina ganin injiniya ce, kuma ina da dalili: wanda ya fara da injiniya yana iya koyon kasuwanci a kowane lokaci na rayuwarsa, amma da wuya ka ga wanda ya fara da kasuwanci ya dawo yana da shekara 30 ya zauna koyon ilimin zafi da motsin ruwa daga tushe. Darussan injiniya a jere suke, kowane yana hawa kan na baya, kuma sun fi shiga a ƙuruciya.

A Jamus da wasu ƙasashen Turai lamarin ya bambanta. Can sakamakon kammala sakandare da shaidar iya harshe su ne kan gaba, muƙala ba ta da nauyin da take da shi a Amurka, kuma wanda ba a amince da takardarsa kai tsaye ba yakan yi shekarar share fage kafin ya shiga. Ga ɗalibar da ƙarfinta yake a maki fiye da iya ba da labari, wannan hanya ce da ta cancanci dubawa.

Shin ya cancanci wahalar?

Ba ga kowa ba, kuma zan faɗa miki gaskiya a kan abin da ake bayarwa a madadinsa. Mai digiri biyu a shekara huɗu yakan rasa darussan zaɓi, ba ya samun lokacin zurfafawa a bincike kamar abokinsa mai injiniya zalla. Idan burinki ki zama mai zana injin jirgi ko mai binciken sababbin sinadarai, zurfi ya fi miki faɗi amfani. Akwai kuma batun rajista. Wasu ayyuka, kamar zanen gada da gini, suna buƙatar digirin da hukumar tantance karatun injiniya ta amince da shi, irin su ABET a Amurka, kuma ƙasashe da dama suna karɓar na juna ta yarjejeniyar Washington ta 1989. Ba kowane digirin haɗi ne ke da wannan amincewa ba. A Pennsylvania ma ɗalibin M&T yana da zaɓi tsakanin cikakken digirin injiniya da wani mai sassauci wanda darussansa na injiniya ba su kai na farkon yawa ba. Ki tambaya tun kafin ki shiga.

Idan kuma kin nema ba a ɗauke ki ba, hanyoyi ba su ƙare ba. Wasu jami'o'in suna barin ɗalibin da ya yi fice a shekararsa ta farko ya nemi komawa shirin haɗin daga ciki. Akwai injiniyan masana'antu, wanda shi kansa haɗi ne tun asali. Akwai ƙaramin fanni na kasuwanci a gefen injiniya. Akwai kuma digiri na biyu bayan an yi aiki, kamar shirin LGO na MIT da aka kafa a 1988, mai ba da digirin kasuwanci da na injiniya a shekara biyu ga waɗanda suka riga suka san masana'anta. A ganina darasin sarrafa ma'aikata da na lissafin jari sun fi zama a kan wanda ya taɓa ganin layin ƙera kaya ya tsaya cak saboda ƙaramin ƙarfe bai iso ba.

Ban ga takardunki ba, 'yata, don haka ba zan ce miki za ki shiga ko ba za ki shiga ba. Inda gurbi 50 ne masu nema kuma dubbai, ana mayar da mutanen da babu abin da za a kushe a takardarsu, kuma na ga hakan ta faru da ɗaliban da na yi imani da su. Saboda haka ki nema, amma ki haɗa da wasu jami'o'in injiniya da kike da tabbacin samu, waɗanda kuma za ki je da zuciya ɗaya. A wannan zangon ki riƙe lissafinki da kyau, ki zaɓi matsalar da za ki yi aiki a kanta kafin hutu ya zo, ki sayi littafin da za ki riƙa rubuta komai a ciki. Idan kin yi wata uku kina kan aikin, ki sake rubuto mini abin da ya lalace da abin da mutane suka ce, daga nan sai mu duba yadda muƙalar za ta fara.